Zinariyar da ke Cikin Tsinken Gwajin Maleriya: Yadda Ake Ɗana wa Haske Tarko

Gabatarwa

Duk wanda zazzaɓi ya taɓa kai shi kemis ko asibitin sha-ka-tafi a cikin garin Jalingo, ko a Mayo Gwoi ne ko Magami ko Sabon Gari, ya san ɗan farin tsinken roban nan da ake gwajin maleriya da shi. Za a soki yatsa, a ɗebi ɗigon jini a zuba a wani ɗan rami, a bi shi da ɗigon wani ruwa, sannan a ce a jira minti 15 ko 20. In layi ɗaya ya fito a gefen harafin C, babu cutar. In biyu suka fito, akwai. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka jan layin nan jinin ne ya taru a wurin, ko kuwa wani rini ne. A mafi yawan irin waɗannan tsinkaye, abin da ido yake gani zinariya ce, zinariya ta gaske, irin wadda ake yi wa amarya ɗan kunne da ita.

Wannan muƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda aka yi zinariya, wadda kowa ya san ta da launin rawaya, ta koma ja, da kuma yadda masana ke tsara ƙwayoyin ƙarfe 'yan mitsi-mitsi domin su kama haske ko su gano abin da ido ba ya gani. Fannin da ke nazarin wannan shi ake kira filasmonik. Na san wani zai ce mene ne haɗin ɗalibin Hausa da wannan batu. Haɗin shi ne, mu ne gobe za a miƙa wa takardar bayanin tsinken a ce mu fassara wa jama'a, kuma mai fassarar da bai san abin da yake fassarawa ba, kalmomi kawai zai jera.

Wace irin ƙanƙanta ake nufi?

A ɗauki mita ɗaya a raba ta gida 1,000, an sami milimita, wato ƙananan zanen nan da ke jikin rula. A raba milimita gida 1,000, an sami maikuromita. A sake raba wannan gida 1,000, to an iso nanomita. Ke nan a cikin mita ɗaya akwai nanomita biliyan 1. Kaurin silin gashin mutum ya kai kimanin nanomita 80,000, faɗin jar ƙwayar jini kuwa 7,000 zuwa 8,000. Ƙwayar zinariyar da ake sakawa a tsinken gwaji yawanci faɗinta nanomita 40 ne. Sai an jera guda 2,000 kafaɗa da kafaɗa kafin su ƙetare kaurin gashi ɗaya. Saboda haka kada wani ya fara tara tsofaffin tsinkaye da niyyar kai wa maƙerin farfaru: ko an tara kwali guda, ba a sami na zobe ba.

Shi kuma haske tafiya yake yi kamar igiyar ruwa, tudu na bin kwari. Tazarar da ke tsakanin tudu da tudu ita ce tsawon zango. Wannan kalma ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin masu sauraren gajeren zango sun saba jin ana sanar da cewa za a kama tasha a kan mita 16 ko mita 19. Igiyar rediyo da hasken rana 'yan gida ɗaya ne, bambancinsu tsawon zango. Na rediyo ana auna shi da mita, na hasken da ido ke gani kuwa yana tsakanin nanomita 400 da 700. Shunayya da shuɗi suna gefen gajarta, kore yana tsakiya, wajen 520 zuwa 550, ja yana gefen tsawo. Farin haske gamayyar dukansu ne, kamar yadda bakan gizo ke nuna mana da damina. Launin kowane abu kuma ragowar hasken da bai shanye ba ne: ganye yana shan ja da shuɗi, ya maido mana da kore.

Lilon elektiron

Dalilin da ya sa ƙarfe ke ɗaukar wutar lantarki shi ne, a cikinsa akwai elektiron da ba su ɗaure a wuri ɗaya ba, suna yawo tsakanin ƙwayoyin zarra kamar ruwa a cikin ƙwarya. Shi kuwa haske yana ɗauke da ƙarfin lantarki da ke turi sama, ya juyo ya yi turi ƙasa, haka ba tsayawa. Koren haske yana wannan juyi fiye da sau tiriliyan 500 a daƙiƙa ɗaya. To idan ya faɗa kan ƙwayar zinariyar da ta fi zangonsa ƙanƙanta nesa ba kusa ba, sai ya tura dukan elektiron ɗin gefe guda a lokaci ɗaya. Ƙwayoyin zarrar da aka bari a baya su janyo su, su kuma su dawo da gudu har su zarce zuwa ɗaya gefen, a sake janyo su. Wanda ya taɓa ɗauko ruwa rabin bokiti ya ga irin wannan tambal-tambal.

Kowane lilo yana da saurin da ya fi so. Yara sun san cewa in kana tura ɗan'uwanka a lilo, ba ƙarfin turin ne abin lura ba, lokacinsa ne. In ka tura daidai sa'ad da lilon zai koma, ɗan turi kaɗan zai kai shi sama. In ka saɓa lokaci, wahala kawai za ka sha. Haka elektiron ɗin ƙwayar zinariya suke. Saurin da suka fi so ya yi daidai da na koren haske mai zango kimanin nanomita 520, don haka ƙwayar tana shanye kore sosai, ta haɗa da wani kaso na shuɗi, abin da ya rage ya iso idonmu ja. Ƙwayar azurfa kuwa ta fi son zango wajen 400, shi ya sa ruwan da aka zuba ta ciki yake zama rawaya. Wannan kai-kawo na taron elektiron gaba ɗaya shi ake kira filasmon.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ƙwayar tana kama hasken da ya fi wanda ya sauka a jikinta yawa. Tana janyo har wanda da ma zai wuce ta gefenta, ta tattara shi a jikin fatarta. Aikin eriya ke nan. Eriyar rediyo siririyar waya ce, amma tana tsamo sauti daga sararin da ya fi kaurinta faɗi ƙwarai. Ƙwayar zinariya eriya ce ta haske, kuma guda ɗaya tana shan hasken da ya ninka na ƙwayar rini sau dubbai.

Magina sun riga masana

An daɗe ana cin moriyar abin kafin a san dalilinsa. A gidan tarihin Birtaniya da ke Landan akwai wani kofin gilashi na Rumawa da aka yi a ƙarni na 4 Miladiyya, ana ce masa kofin Lycurgus. In aka haska shi daga waje kore ne, in aka sa fitila a cikinsa sai ya koma ja. Sai a 1990 aka duba ɓarɓashinsa da madubin elektiron aka ga ƙwayoyin zinariya gauraye da azurfa, masu faɗin kimanin nanomita 70, warwatse a cikin gilashin.

Misalin da ya fi kusa da mu yana birnin Ƙairawan na ƙasar Tunisiya, garin Ibn Abi Zaid, mawallafin Risala da ake karantawa a zaurukan malamanmu. Mihrabin babban masallacin birnin an ƙawata shi da tayil masu ƙyalli kamar an shafe su da zinariya, waɗanda aka manna wajen shekarar 862, wasu daga cikinsu daga Iraƙi aka kawo su. Babu zinariya a jikinsu. Maginan zamanin Abbasiyawa kan kwaɓa sinadaran azurfa da tagulla da jar ƙasa da ruwan tsami, su yi zane da su a kan tangaran da aka riga aka gasa, su mayar da shi cikin matoya mai hayaƙi da ƙarancin iska. Azurfar da tagullar sai su kutsa cikin fatar tangaran su dunƙule su zama 'yan ƙwayoyi, ƙyallin kuma ya zauna fiye da shekara 1,100 bai dushe ba.

Bayanin kimiyya ya zo a makare. A 1857 Michael Faraday na Ingila ya haɗa jan ruwan zinariya, ya kuma ce launin daga ƙananan ƙwayoyin ƙarfen yake fitowa, alhali ba shi da na'urar da zai gan su. Kwalabensa suna nan a Landan har yau, ba su daina ja ba. A 1908 Bajamushe Gustav Mie ya fitar da lissafin da ke nuna irin hasken da dunƙulalliyar ƙwaya za ta sha gwargwadon girmanta, kuma har gobe da lissafin nasa ake fara koyar da fannin.

Abin da mai tsarawa ke juyawa

Tunda an gane cewa lilo ne, tambayar da ta biyo baya ita ce yadda za a saita shi ya kama zangon da ake so, kamar yadda mai goge ke ɗaure tsirkiya ko ya sassauta ta.

Zaɓen ƙarfe shi ne mafi sauƙin fahimta. Azurfa ta fi kowane ƙarfe kaifin lilo, amma tana baƙi in ta sha iska, kamar yadda duk mai zoben azurfa ya sani. Zinariya ba ta kai ta kaifi ba, sai dai ba ta tsatsa, kuma jikin ɗan'adam ba ya faɗa da ita, shi ya sa ta mamaye harkar lafiya. Alminiyum yana da araha, ya kuma fi dacewa da gajeren zangon da ya wuce shunayya. Girma ma yana sauya abin: ƙwayar zinariya mai nanomita 20 tana kama 520, mai 100 kuwa ta matsa zuwa wajen 570, kuma maimakon ta shanye hasken sai ta fi watsa shi. Abin da ya sa masu tsinke suka tsaya wajen 40 shi ne, ƙarama ba ta da launi mai ƙarfi, babba kuma tana da nauyin tafiya a cikin takarda.

Siffa ta fi girma tasiri. In aka ja ƙwayar ta zama 'yar sanda, elektiron suna samun doguwar hanya, lilon ya rage sauri, zangon da take kamawa ya ƙara tsawo. Sandar da tsawonta ya ninka kaurinta sau 4 tana kama wajen nanomita 800, wanda ya riga ya wuce ja, ido ba ya ganinsa. Amfanin wannan zango shi ne yana ratsa tsokar mutum fiye da sauran; ɗora tocila a bayan yatsunka cikin duhu, za ka ga ja ne kaɗai ke ɓullowa. Mostafa El-Sayed, ɗan asalin Masar da ya yi aiki a jihar Jojiya ta Amurka, yana cikin waɗanda suka fi nazarin waɗannan sanduna, har Amurka ta ba shi babbar lambarta ta kimiyya ta shekarar 2007. Naomi Halas ta Jami'ar Rice kuwa ƙwallon gilashi ta lulluɓe da siririyar fatar zinariya, ta nuna cewa kaurin fatar ne ke saita zangon. Dabarar ita ce a tara irin waɗannan ƙwayoyi a cikin ƙari, a haska su daga waje, su yi zafi su ƙona ƙarin ba tare da an yanka ba. A 2019 aka buga sakamakon gwajin farko a kan 'yan tsirarun maza masu kansa.

Sai kuma tazara. Idan ƙwayoyi biyu suka matso har ya rage nanomita 1 ko 2 tsakaninsu, lilonsu yana haɗuwa, haske ya cunkushe a ɗan lungun da ke tsakani da ƙarfin da ya ninka na waje sau ɗaruruwa. Launin ma yana sauyawa. In aka barbaɗa gishiri a jan ruwan zinariya, ƙwayoyin za su manne wa juna, ruwan ya koma shuɗi nan take. Wannan kaɗai ya isa ya zama na'urar gano abu: a shafa wa ƙwayoyin sinadarin da zai sa su manne ko su rabu in wani abu yana cikin ruwan. A 2003 masana a Jami'ar Illinois suka yi haka da dalma, ruwan ya tashi daga shuɗi zuwa ja in akwai ta. Mu da muka ji labarin Zamfara a 2010, inda ƙurar dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mun san darajar gwajin da za a iya yi a bakin rijiya. Lungun nan kuma shi ne tushen wata dabara da aka faro a Jami'ar Southampton a 1974, wadda ke ƙara ƙarfin hasken Raman, wato ɗan hasken da kowane sinadari ke maidowa mai ɗauke da tambarinsa, sau miliyan ko fiye. Na'urar TruScan da hukumar NAFDAC ta fara farautar jabun magani da ita wajen 2010 da hasken Raman take aiki, amma tsagwaronsa, ba tare da taimakon ƙarfe ba. In ana neman ɓurɓushin guba a ruwa ko abinci, nan ne ake bukatar lungun.

Akwai kuma tsarin da na fi so, wanda ake kira cikakken mashayin haske. Hawa uku ne: shimfiɗar zinariya a ƙasa kamar madubi, siririn gilashi a tsakiya, sai 'yan faya-fayen zinariya a jere a sama. Madubin ƙasa yana hana haske wucewa. An kuma auna kaurin tsakiyar da faɗin faya-fayen ta yadda hasken da ya dawo daga sama da wanda ya dawo daga ƙasa za su haɗu tudu a kan kwari, su kashe juna. Gaba a toshe, baya a toshe, kamar tarkon kifin da masunta ke sakawa a Binuwai. A 2010 masana a Jami'ar Stuttgart ta Jamus suka ƙera irinsa ya shanye kashi 99 cikin 100 na haske mai zango nanomita 1,600, alhali zinariya a shimfiɗe kusan duka take mayar da irin wannan haske.

Ta yaya ake ƙera abin da ba a gani? Kafin a taɓa ƙarfe, ana zana siffar a kwamfuta a sa ta lissafa yadda haske zai bi da ita. Daga nan hanya biyu ce. Ta farko sassaƙa ce da tsinin elektiron a ɗaki marar ƙura ko kaɗan; tana ba da siffa daidai wa daida, amma tana da tsada da jinkiri. Ta biyu dafuwa ce. Tun 1951 John Turkevich da abokan aikinsa suka nuna cewa in aka tafasa ruwan sinadarin zinariya aka zuba masa gishirin sitiret, dangin tsamin da ke cikin lemon tsami, cikin 'yan mintoci ruwan zai tashi daga fatsi-fatsin rawaya ya yi duhu ya koma ja kamar zoɓo. Wannan hanya ba ta fi ƙarfin ɗakin gwajin jami'o'inmu ba. A Jami'ar Fasaha ta Ladoke Akintola da ke Ogbomosho, Farfesa Agbaje Lateef da ɗalibansa sun haɗa ƙwayoyin azurfa da ruwan goro da na ɓawonsa. Matsalar dafuwa da ruwan tsirrai ita ce ƙwayoyin kan fito wata babba wata ƙarama, kuma mun ga cewa girma ne ke saita launi.

Mu koma ga tsinken

A cikin roban akwai siririyar takarda ta musamman da ke jan ruwa kamar yadda lagwani ke jan kananzir. A farkonta an busar da ƙwayoyin zinariya, kowace an manna mata ƙwayoyin garkuwa da ba su kama komai sai wani furotin mai suna HRP2, wanda ƙwayar maleriya nau'in falsifarum ke saki a jini. Ruwan da ake ɗigawa yana fasa ƙwayoyin jini ya kwashi komai ya yi gaba. In akwai furotin ɗin, zinariyar za ta kama shi a hanya. A layin T an dasa wasu ƙwayoyin garkuwar da su ma shi suke jira, sai su cafke shi tare da zinariyar da ke maƙale da shi, miliyoyin ƙwayoyi su taru har ido ya ga ja. Layin C kuwa zinariyar yake kamawa ko da cuta ko babu, shaida ce cewa ruwan ya yi tafiyarsa.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasarmu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa a shekarar 2022 Nijeriya ce ke da kimanin kashi 27 cikin 100 na masu kamuwa da maleriya a duniya, da kashi 31 na waɗanda ta kashe. Tun 2010 hukumar ta ba da shawarar a riƙa gwaji kafin a ba da magani, domin ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba, kuma yaron da ke da ciwon huhu aka yi ta ɗura masa maganin maleriya an ɓata masa kwanakin da ba su dawowa.

Wanda ya fahimci yadda tsinken ke aiki zai gane ƙa'idojinsa ba sai an sa shi hadda ba. Layi ko dishi-dishi ne, in ya fito cikin lokacin da aka ƙayyade, layi ne: furotin ɗin ne kaɗan, zinariyar da ta taru ma kaɗan. In babu layin C, gwajin ya lalace ko da T ya fito. Zinariya ba ta jin zafi, amma ƙwayoyin garkuwar da ke jikinta suna ji, kuma a jikin kwalin akan rubuta iyakar zafin ajiya, digiri 30 ko 40. Wanda ya san Jalingo a watan Maris da Afrilu ya san abin da shago mai rufin kwano ke zama da azahar. Har ila yau furotin ɗin kan yi makonni a jini bayan an warke, don haka layi biyu bayan kammala magani ba lallai ne ya nuna maganin bai yi ba. Akwai kuma ƙwayoyin maleriyar da suka daina yin HRP2 ɗungurungum. An fara ba da rahotonsu a Peru a 2010, sun kuma yi yawa a Eritiriya har ƙasar ta sauya irin tsinken da take amfani da shi a 2016. Masu tsara ƙwayoyi suna ƙoƙarin ƙara wa tsinken ido. A 2012 wasu a Jami'ar Minnesota suka haska layin T da leza suka auna ɗumin da zinariyar ta yi, sai ga shi ana gano abin da ido zai ce babu.

Sola da idon na'ura

Inda aka fi cika baki a kan filasmon shi ne wutar sola, kuma a ganina nan ne ya fi ba da kunya. Farantan solar da muke gani a kan rufi da fitilun titi da rijiyoyin burtsatse silikon ne mai kaurin kimanin maikuromita 150. Tunanin shi ne a rage kaurin nan ƙwarai don a rage kuɗi, a barbaɗa ƙwayoyin azurfa su riƙa karkatar da haske yana zagayawa a ciki har ya shanye. Harry Atwater da Albert Polman sun rubuta fitacciyar muƙala a kan haka a 2010. Sai dai ƙarfen yana cinye wani kaso na hasken ya mayar da shi zafi, ga shi kuma tsakanin 2010 da 2020 farashin farantan silikon ya faɗi da kimanin kashi 90 cikin 100. Farantan da ke kasuwa da 'yan tsaunukan da aka sassaƙa a fuskar silikon da wani shafi mai hana ƙyalli suke kama haske, babu ƙwayar filasmon a cikinsu.

Zafin da ya zama aibi a can, a wani wurin shi ake nema. A 2013 ƙungiyar Halas ta gwada tukunyar tsabtace kayan aikin asibiti da ke aiki da rana kaɗai, inda ƙwayoyin da ke cikin ruwa ke shan hasken su tayar da tururi. A 2011 kuma suka ɗora 'yan sandunan zinariya a kan silikon, lilon ya riƙa cilla elektiron masu zafi cikin silikon ɗin, wuta ta gudana. Silikon shi kaɗai makaho ne ga duk zangon da ya wuce nanomita 1,100, alhali wayoyin gilashin da ke ɗauke da intanet da 1,550 suke aiki. Wutar da aka samu kaɗan ce ƙwarai, amma ta nuna cewa eriya da ido za su iya zama abu ɗaya.

Wace kalma za mu ba shi?

David Pines ne ya raɗa sunan a 1956, daga kalmar da ta ba mu filasma, wadda Bahaushe ya riga ya ara ya laƙaba wa talabijin ɗin bango. Hanyar aron a fili take: Hausa ba ta bambanta sautin p da f, ba ta kuma yarda baƙi biyu su fara gaɓa, sai ta sa wasali tsakani, kamar yadda aka sami firamare da burodi. Tunda filasmon ta ƙare da baƙi, jinsin namiji za ta ɗauka, jam'inta kuma in an bi sawun tebur da teburori zai zama filasmononi. Ni da na koyi Hausa a unguwa da kasuwa bayan harshen gidanmu, na san mu a Jalingo jinsi bai cika damunmu a hira ba, amma a rubutu dole a tsayar da shi. Duk da haka na fi karkata ga lilon elektiron wajen koyarwa, domin wanda ya ji filasmon sunan kawai ya ji, wanda ya ji lilo kuwa ya riga ya hango motsin. Nano daga Girkanci take, ma'anarta wada, sai dai wadan mita ba zai zauna a baki ba tunda kilomita da santimita sun riga sun share wa nanomita hanya.

Kalmomin da suka fi gaggawa ba waɗannan ba ne, na jikin takardar tsinken ne. Fozitif a hirar yau da kullum ta Ingilishi abu ne mai kyau, kuma mai fassarar da ya bi ƙamus ido rufe zai rubuta sakamako mai kyau a inda ake nufin yaro yana ɗauke da cuta. Uwar da aka gaya wa haka za ta goya ɗanta ta koma gida da murna. Ma'aikatan kemis na Jalingo sun riga sun warware wannan da bakinsu: layi biyu, akwai, layin C kaɗai, babu, in kuwa C bai fito ba, tsinken ya lalace, a kawo wani a sake.